Yadda Gajiya da Mulkin Bush Ta Share wa Obama Hanya

A shekarar 2008, yayin da wa'adin George Bush na biyu ke gab da cika, al'ummar Amurka sun ƙosa matuƙa, domin yaƙin Iraƙi da aka faro a 2003 ya ci rayukan sojojinsu sama da 4,000, hujjar makaman ƙare dangi da aka kafa shi a kanta ta zamo ƙarya, sa'an nan tattalin arziki ya karye, har magidanta da dama suka wayi gari banki ya karɓe gidajensu, an kafa allon sayarwa a ƙofa.

Bush ba ya cikin takara, amma alhakinsa ya rataya a wuyan John McCain, ɗan takarar jam'iyyarsa. Barack Obama kuwa, wanda ya yi inkarin yaƙin a bainar jama'a a Chicago tun 2002, zamanin da manyan 'yan siyasa ke goyon bayan harin, sai ya tashi da kiran sauyi, matasa suna bi gida-gida suna nema masa ƙuri'a. Fasaharsa ba abar musu ba ce. Sai dai a ganina, da zukata ba su cika da takaici ba, da balaga kaɗai ba ta kai shi ga wakilan zaɓe 365 ba, McCain yana da 173.