Yadda Ake Karanta Takardar ECG Kafin a Ɗora Mara Lafiya a Mota

Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi tafiyar kimanin kilomita 50 ce, zuwa Sakkwato kuwa ta kusa ninka haka. Idan aka kawo magidanci Babban Asibitin Argungu yana dafe da ƙirji, gumi na zubo masa, ma'aikacin da ke bakin aiki shi zai yanke shawara: a kwantar da shi nan, ko a tura shi Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da aka fi sani da FMC, duka a Birnin Kebbi, ko a zarce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sau da yawa mara lafiyar da kansa zai ce olsa ce ta motsa. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin ECG, kuma ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowarsa.

Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki da take samarwa da kanta, na'urar kuma tafiyar wannan wuta take zanawa. Willem Einthoven, ɗan ƙasar Holan, ya sami kyautar Nobel a 1924 kan wannan aiki. Wayoyi 10 ake maƙalawa, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, su ba da layuka 12, kowanne yana kallon zuciya ta wani ɓangare. Kafin a karanta komai a tabbata wayoyin suna muhallinsu. V1 da V2, biyu daga wayoyin ƙirji, suna zama a gurbi na huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da hagu da ƙashin ƙirji. Idan aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, layin I zai kife, a ga cutar da babu ita.

Sai a fara da saurin bugu. Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, don haka a gidajen da aka zana a jikinta, ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, babban gida 0.2. A ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin dogayen tsini biyu, waɗanda ake kira QRS, a raba 300 da su: gida huɗu bugu 75 ke nan a minti, gida biyu 150. Idan tazarar ba ta daidaita ba, a ƙirga tsinin da ke dogon layin ƙasa mai daƙiƙa 10, a ninka sau shida.

Daga nan a duba tsari. Kafin kowane QRS ya kamata a ga ɗan tudu, wato P. Idan babu shi, tsinin kuma suna zuwa barkatai, wannan kaɗawar ɗakunan saman zuciya ce, wadda ke sa jini ya daskare ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan P na tafiyarsa daban, QRS na tasa daban, bugun bai wuce 30 zuwa 40 ba, hanyar wutar ta yanke. QRS mai faɗi, gida uku ƙanana ko fiye, da ke gudu da tsananin sauri, a ɗauke shi a matsayin barazana ga rai. Mutumin da ya faɗi ba ya numfashi kuwa ba a ɓata lokaci wajen maƙala masa wayoyi goma. Danna ƙirji ake farawa, a nemo na'urar girgiza zuciya.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne ɗan layin da ke bin bayan QRS, wato ST. A lafiyayyar zuciya yana kwance daidai da layin tushe. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, sai ya ɗaga. Ana neman ɗagawar milimita 1 ko fiye a layuka biyu maƙwabta, amma V2 da V3 sai ta fi haka. II, III da aVF suna kallon ƙasan zuciya, V1 zuwa V4 gabanta, I, aVL, V5 da V6 gefenta. Idan ST ya ɗaga a wani ɓangare ya nutse a kishiyarsa, hujja ta ƙara ƙarfi. A toshewar ƙasan zuciya a yi hattara da maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe, domin yana iya faɗar da awon jini warwas.

A ƙasarmu akwai abubuwan da ke rikita mai karatu. Hawan jini da ya daɗe yana kaurara naman zuciya, tsinin su yi tsawo, ST ya ɗan ɗaga a V1 zuwa V3 ba tare da toshewa ba. Samari baƙar fata da yawa ma haka ST ɗinsu yake, lafiyarsu ƙalau. Mai ciwon ƙoda da sinadarin fotasiyam ya taru a jininsa zai nuna T, wato tudun da ke bin bayan ST, dogo mai tsini, kuma wannan ba ya jira sai gobe. Sannan ga mai jego da numfashi ke sarƙe mata, ƙafafu sun kumbura. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, amma takardarta tana iya nuna saurin bugu kawai. Kada a sallame ta saboda haka. Hoton zuciya na eko take buƙata. Haka ma mai ciwon ƙirji da takardarsa ta farko ta fito lafiya, a sake masa bayan minti 15 zuwa 30.

Ni a ganina, ko ma'aikacin bai gama fahimtar takardar ba, kada ya riƙe ta shi kaɗai. Ya shimfiɗa ta, ya ɗauki hotonta yadda gidajen za su fito sarai, ya aika wa likita ta WhatsApp tare da shekarun mara lafiyar, awon jininsa da lokacin da ciwon ya fara. Lokacin nan shi ne kan gaba, domin allurar narkar da daskararren jini irin su streptokinase ana ba da ita ne cikin awa 12, kuma ta fi amfani a awannin farko. Idan babu zubar jini ko ƙin magani, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, a sa masa layin ruwa, a kira asibitin da za a je a ji ko suna da allurar. Takardar ta bi shi a mota, da sa'ar da aka ɗauke ta rubuce a jikinta.