Rikicewar Bugun Zuciya: Yaushe Ya Dace A Yi Aiki?

A gidajenmu da dama akwai dattijon da ke kukan faɗuwar gaba da kasala, sai mu ce ai tsufa ne. Sau da yawa kuwa ɗakuna biyu na saman zuciya ne suka bar bugawa bisa tsari, suka koma karkarwa, cutar da ake kira fibrillation auriculaire da Faransanci. Idan ta wuce kwana 7 ba ta lafa ba, ta zama mai naci. Jini yakan yi guda a cikin zuciyar, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5.

A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordo suka gano cewa tartsatsin da ke tayar da rikicin yakan fito ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Daga nan aka samo aikin da ake yi a yau: a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a ƙona ko a daskarar da kewayen bakin jijiyoyin, ba a tsaga ƙirji ba.

To, jinkiri fa? Tun 1995 masana a Holan suka nuna a jikin awaki (i, awaki!) cewa cutar ita ke ciyar da kanta: gwargwadon daɗewarta, gwargwadon kafuwarta. Ɗakin hagu ya buɗe, namansa ya yi tabo, rikicin ya bazu nesa da bakin jijiyoyin. Don haka waɗanda aka yi wa aiki cikin shekarar farko da gano cutar sun fi samun sauƙi mai ɗorewa. Binciken EAST-AFNET 4 na 2020 ya nuna cewa daidaita bugun da wuri, da magani ko da aiki, ya rage munanan sakamako da kusan kashi 1 cikin 5.

Sai dai wani ƙaramin bincike a Ostiraliya a 2023 bai ga hasara ba ga waɗanda suka jira wata 12 suna shan magani a hannun likita. A ganinmu, iyalin da ke tara kuɗin tafiya suna da ƴan watanni, amma ba su da shekaru. Mai naci kuma yakan buƙaci aiki na biyu, a sa wannan cikin lissafi. Maganin tsinka jini kuwa ba a barinsa bayan aikin sai da izinin likitan zuciya.