Attajirai Shida Na Birnin Kale

A birnin Landan, a bakin Kogin Tems, akwai wani ɗan lambu wanda ya ke manne da gidan Majalisar Dokokin Ingila ta wajen kudu. Ana ce da shi Lambun Hasumiyar Biktoriya, domin yana ƙarƙashin wata doguwar hasumiya mai wannan suna, wadda tsawonta ya fi ƙafa 300. Lambun nan na kowa da kowa ne, ba a biyan ko anini a ƙofa. Akwai ciyawa shimfiɗe kamar darduma, da manyan itatuwa jere a bakin ruwa, da kujeru inda ma'aikata su kan zauna su sha iska. A gefen arewa, kusa da hasumiyar, ga waɗansu mutane shida na tagulla tsaye bisa wani gajeren dakali, ba hula, ba takalmi, da igiyoyi a wuyansu. Wurinsu mu ke so mu kai 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu ziyara cikin takardan nan, mu faɗi ko su wane ne, da yadda ya kamata a dube su.

Tun da fari sai mu kau da wani ruɗani. Mu da muka fara karatu da allo, in mun ji an ce an ƙera siffar mutum an kafa ta a fili, abin da ya kan fara faɗo mana a rai shi ne gunki. To, waɗannan ba mai yi musu sujada, ba mai yi musu yanka. Al'adar Turawa ce su ajiye labarin mazan jiya cikin dutse ko tagulla, kamar yadda mu kan ajiye namu a bakin maroƙa da cikin littattafan tarihi. Hukuncin yin siffa kuwa mun bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da ya kawo mu shi ne labarin mutanen, da hikimar wanda ya yi aikin.

Ga asalin labarin. Kale birni ne na ƙasar Faransa a bakin teku, yana fuskantar Ingila, kusa da inda ruwan da ya raba ƙasashen biyu ya fi ƙunci, watau kamar mil 21. A shekarar 1337 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa, bai ƙare ba sai 1453, shi ya sa a ke kiransa Yaƙin Shekara Ɗari. Cikin watan Agusta na 1346 Sarkin Ingila Edward na Uku ya kori rundunar Faransa a wani wuri wai shi Kiresi, sa'an nan ya zarce Kale, don yana bukatar mashigi inda jiragensa za su riƙa sauke mayaƙa da guzuri. Ya tarar da birni mai ganuwa da gwalalo, ga fadama ta kewaye shi, ba shi hawuwa da ƙarfi. Sai ya yi sansani, ya tare hanyoyin tudu, daga baya ya tare na ruwa, ya zauna yana jiran yunwa ta yi masa aiki.

Aka yi wata goma sha ɗaya a haka, tun daga farkon Satumba na 1346 har farkon Agusta na 1347. Hatsi ya ƙare, mutane suka ci dawaki, suka ci karnuka da kyanwoyi. Sarkinsu Filib na Shida ya taho da runduna har mutanen gari suka hango tutocinsa daga kan ganuwa, amma da ya ga ba hanyar da zai auka wa Ingilishi, sai ya tashi sansani ya koma. Ran nan gwiwar kowa ta yi sanyi, sarkin yaƙin birnin ya aika neman sulhu.

Wani marubucin tarihi na zamanin, Jean Froissart, shi ya ba da sauran labarin. Ya ce da fari Edward ya ƙi ba da amana ga kowa, sabo da haushin dukiya da mutanen da ya yi hasara. Da fadawansa suka yi ta ba shi baki, sai ya yarda zai bar jama'a da ransu, amma da sharaɗi: mutum shida daga cikin manyan gari su fito kai ba hula, ƙafa ba takalmi, da igiya a wuya, da mabuɗan birni a hannu, ya yi yadda ya ga dama da su. Aka kaɗa ƙararrawa, jama'a suka taru a kasuwa, aka faɗi sharaɗin, wuri ya ruɗe da kuka. Can sai wani dattijo, Eustache de Saint Pierre, wanda ya fi kowa dukiya a garin, ya miƙe ya ce shi ne na fari. Da ganin haka sai wani ya tashi, wani ya bi shi, har suka cika shida. Aka buɗe ƙofa suka fita.

Da suka zo gaban Edward suka durƙusa, suka miƙa mabuɗai, ya ce a kira hauni. Jarumawansa suka roƙe shi, ya ƙi. Sai matarsa, Sarauniya Filifa, wadda marubucin ya ce tana da ciki a lokacin, ta faɗi gabansa tana kuka, ta roƙi ran mutanen. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya ba ta su. Ta sa aka kwance igiyoyin, aka tufatar da su, aka ba su abinci, aka sallame su. Amma fa birnin bai kuɓuta ba. An fitar da yawancin mutanensa, aka zuba Ingilishi a gidajensu, ya zauna a hannun Ingila har 1558.

Wajibi ne mai koyar da tarihi ya faɗi inda labari ya ke da rauni. Froissart yaro ne na wajen shekara goma sa'ad da abin ya faru, a littafin wani ya samo shi, kuma daga baya ya yi wa Sarauniya Filifa aikin malanta, don haka ba mamaki ya ƙara wa alherinta gishiri. Waɗansu masana suna ganin fita da igiya a wuya al'ada ce ta miƙa wuya a zamanin, sarki ya nuna fushi sa'an nan ya nuna afuwa. An kuma sami takardun da suka nuna Edward ya yanka wa dattijon nan albashi bayan an ci garin. Duk da haka, wanda ya fita ƙofa da igiya a wuya zuwa wurin sarkin da ya fusata ba shi da tabbacin zai kwana duniya.

Bayan shekara fiye da 500, a 1884, magajin garin Kale da majalisarsa suka yi niyyar kafa abin tunawa da wannan al'amari. Lokacin kuwa Faransa ba ta daɗe da shan kashi a hannun Jamus ba, a yaƙin 1870 zuwa 1871, zukatan mutane suna neman abin alfahari. Abin da a ka saba yi shi ne a ƙera jarumi guda, ƙirji a buɗe, kai a sama. Suka ba Auguste Rodin aikin, wani gwanin gina siffofi na birnin Paris, wanda a ke faɗin sunansa Rodan. Shi kuwa ya ce mutum shida suka fita, shida zai yi.

Ga yadda ya yi aikin. Ya fara gina ko wane mutum da yumɓu, tsirara, don ƙashi da jijiya su zauna daidai, sa'an nan ya sa musu riguna. Ya yi su sun ɗara mutum tsawo kaɗan, ya kuma ƙara girman hannuwa da ƙafafu da gangan, don mai kallo ya ji nauyin tafiyar. Daga yumɓu a kan ɗauki mazubi da wata farar ƙasa mai daskarewa, daga nan maƙera su narka tagulla, watau jan ƙarfe gauraye da kuza, su zuba. Cikin siffar rami ne, ba cike ta ke ba. Da ya ke mazubi yana nan, ana iya zuba aiki ɗaya sau da yawa. Dokar Faransa ta tsaida na wannan a kan goma sha biyu. Na fari yana Kale, an buɗe shi a 1895. Na ƙarshe an zuba shi a 1995, aka kai shi Seoul ta ƙasar Koriya. Na Landan an zuba shi a 1908, wata ƙungiya mai saya wa jama'ar Ingila kayan fasaha ta saye shi a 1911, aka kafa shi a lambun nan a 1915, lokacin da Ingila da Faransa su ke yaƙi kafaɗa da kafaɗa. Ashe abokan gaban jiya sun zama abokan tafiya.

To, yanzu bari mu matsa kusa. Kuskuren da baƙo ya kan yi shi ne ya tsaya wuri ɗaya, ya ɗauki hoto, ya wuce. Wannan aiki ba shi da gaba, ba shi da baya, ba inda mutum zai tsaya ya ga fuskoki shida gaba ɗaya. Sai an zaga shi sannu sannu. In mun fara da dattijon, za mu gan shi da gemu, kafaɗu sun ranƙwafa, hannuwa sun saki, ƙasusuwan fuska sun fito don yunwa, ya ɗaga ƙafa zai taka kamar wanda ya riga ya gama shawara da ransa. Kusa da shi ga wani ya tsaya ƙyam kamar turke, ya riƙe ƙaton mabuɗi da hannu biyu, ya cije baki, baƙin cikin ba da garinsu ya fi masa tsoron mutuwa zafi. In mun ci gaba za mu ga wani ya murɗa jiki, ya ɗaga hannu gaban fuskarsa, yatsu a buɗe. Ga wani saurayi ya juya, ya ware hannuwa, baki a buɗe, kamar mai tambaya ko ba wata dabara. Ga wani ya sa kai gaba yana tafe, hannu kusa da ido. Na ƙarshe kuwa ya sunkuya, ya rufe kansa da hannu biyu, ko fuskarsa ba a gani sosai. Duk shida kansu kusan daidai ya ke, ba wanda a ka ɗaukaka bisa 'yan'uwansa, kuma ba mai duban wani. Tare su ke tafiya, amma kowa shi kaɗai ya ke da zuciyarsa.

Wannan ne ya ɓata wa waɗansu manyan Kale rai sa'ad da suka ga samfurin aikin. Suka ce sun biya a yi musu jarumawa, ga shi an kawo musu mutane masu karyayyar zuciya kamar masu laifi. Rodan bai sauya ba. A ganinsa, in an nuna mutum ba ya jin tsoro, an rage masa daraja, gama wanda bai san zafin rabuwa da rai da iyali ba, me ya bayar? Abin yabo shi ne ƙafa tana rawa, amma tana tafiya.

Har wa yau akwai zancen dakali. Rodan ya so a kafa na Kale a ƙasa, bisa duwatsun dandali, don masu wucewa su riƙa gogayya da su kamar 'yan gari. Hukumar garin ta ƙi, ta ɗora su bisa dakali mai tsawo, ta kewaye da shingen ƙarfe. Shi kansa ma ya yi ta jujjuya shawarar, don da ya zo Landan duban wuri, dogon dakali ya zaɓa, wanda ya fi tsawon mutum biyu, wai a hange su a sararin sama. Haka suka zauna shekara 41, mutane suna ɗaga kai ba su ganin fuskoki sosai. Sai a 1956 aka sauko da su bisa gajere, inda mai ziyara zai iya duban idon dattijon.

A nan ne darasinmu ya ke, mu da za a ba amanar yara gobe. Sau da yawa in muna ba da labarin mazan jiya mu kan ɗora su bisa dogon dakali, mu ce ba su taɓa jin tsoro ba, ba su taɓa shakka ba. Yaro ya ji, ya yi mamaki, amma ya ce a ransa wannan ba irinsa ba ne, don shi ya san yana jin tsoro. In kuwa muka sauko da su, muka nuna masa sun ji abin da ya ke ji, duk da haka suka yi abin da ya wajaba, to mun ba shi abin koyi wanda hannunsa zai kai.

Sa'an nan mu lura da ko su wa suka fita. Ba a tura bayi ko almajirai ba, masu gari ne suka tashi, waɗanda suka fi kowa cin moriyarsa lokacin daɗi. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba banza ba siffofin nan su ke tsaye a gindin gidan da masu mulki su ke taruwa. Mu ma, ko da aji guda a ka ba mu, ran da wuya ta zo, malami ya kamata ya fara miƙewa.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Landan, kada gidan Majalisa ya ɗauke masa ido har ya wuce ɗan lambun nan. Ya shiga, ya zaga mutanen nan shida sau biyu ko uku, gama gani ya kori ji. Allah ya ba mu shugabanni masu tsayawa gaban jama'arsu, ya sa mu ma mu iya. Amin.