Yaro na son zama mawaƙi: ta ina ake farawa?

Kusan kowane mako sai wani matashi ya shigo gidan rediyon ga da katin waya a hannu, ya ce: "Don Allah ku sa mini waƙata." Wanda ya zo makon jiya daga wani ƙauye na wajen Dogarawa yake. Buhun albasa biyu ya saida ya biya wani mai sutudiyo, sai ga shi kiɗan ya danne muryar har ba a jin baiti ko ɗaya. Babansa bai san ya yi ba. Wansa da ke Abijan kuma ya turo muna saƙo yana tambaya: ya taimaka masa, ko ya hana shi? Shi ya sa munka ga ya dace mu yi bayani, don yaran da iyayen duka.

Abin da yaron ke so shi ne waƙar karkara: waƙar noma, ta damina, ta kewar gida, ta wanda ya tafi biɗa ya bar iyali. Amurkawa ma suna da irin tasu, suna ce mata kantiri. Waƙar manoma ce da makiyaya ta kudancin ƙasarsu. A 1927 anka ɗauki muryar Jimmie Rodgers da ta iyalin Carter a wani gari mai suna Bristol, daga nan abin ya bunƙasa har birnin Nashville ya zama cibiyarsa. Dattawanmu da sunka yi zaman Legas ko Kaduna sun san kaset ɗin Jim Reeves da Don Williams. Banjo, ɗaya daga kayan kiɗan nasu, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da anka kwasa sunka tafi da fasaharsa. Duma ne da fata da tsirkiya, ɗan uwan molo da gurmi. Ke nan yaron da ke son wannan salo ba sai ya ari na wani ba, tushen yana nan gida.

A da, ba a wayi gari mutum ya ce shi mawaƙi ne. Mafi yawa gado ake yi, ko a bi wani. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koma ɗan amshi, ya yi shekaru yana karɓa wa maigidansa kafin a bar shi ya ja baiti. A nan yake koyon numfashi, da inda ake tsayawa, da tarihin gidaje, da abin da ba a faɗi gaban manya. Kowane rukuni kuma da masu shi: gangar noma ta manoma, kalangu na mahauta, kotso da taushi na fada. Ɗan Anace ya yi suna da waƙar dambe da ta manoma. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya, yana waƙar ɗan adam da talaka. Mu nan Ader muna da marigayi Ɗan Gurmu, wanda gasar kiɗa ta ƙasa da anka fara a 1987 ke ɗauke da sunansa.

Yau waya ta canja hanya. Misali mafi kusa da mu ɗan jihar Tawa ne, Mdou Moctar, wanda ya tashi tsakanin Cintabaraden da Abalak. Gidansu ba su son kiɗa, don haka da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, mai suna Anar. Ba kamfani ya tallata shi ba: waƙoƙin sun riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin waya, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya neme shi. Yanzu yana wasa a Turai da Amurka, kuma da Buzanci yake waƙa. Darasin a fili yake. Ya iya hannunsa kafin ya shiga sutudiyo, kuma bai bar harshensa ba.

To, wanda ke farawa yanzu, ga abin da muke ba shi shawara.

Na farko, murya kafin na'ura. Ka rera waƙarka ba kiɗa, gaban mutane goma, a dandali ko wurin gayya. In sun karɓa maka amshi ba ka roƙe su ba, waƙa ta yi. In sai na'urar gyaran murya ta rufa maka asiri, ranar biki lantarki na ɗaukewa asirin ya tonu.

Na biyu, ka koyi abin kiɗa ko guda: gurmi, kuntigi, kukuma ko gita. Har yanzu akwai tsofaffin makaɗa a garuruwanmu, daga Tsarnawa zuwa Badagishiri, da yawansu ba mai gadonsu. Ka je da goronka ka zauna. Wanda ke da hali kuma, akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai.

Na uku, ka yi waƙar abin da ka sani. Dashen albasa a Galmi, ƙurar siminti ta Malbaza, jiran ruwan shuka, matar da mijinta ya shekara uku a Libiya ba labari. Wannan ba wanda zai rera shi ya fi ka. Filin kokowa ma makaranta ce: tun da anka fara gasar takobi a Tawa a 1975, makaɗa ke ɗaga ƴan kokowa da kirari, kuma nan ake gane mai murya.

Na huɗu, maganar kuɗi. Kafin ka biya mai sutudiyo, a Ƙonni ne ko a Sakkwato, ka saurari aikin da ya yi wa wasu. Ku yi ciniki gaban shaida: waƙa nawa, gyara sau nawa, kuma wa ke da waƙar bayan an gama. Kada ka biya duka tun farko. Ka karɓi muryarka daban, kiɗa daban, don in haɗin ya ɓaci a iya gyarawa ba sai an sake daga tushe ba. Da yaron Dogarawa ya san wannan, da albasarsa ba ta tafi a banza ba.

Na biyar, haƙƙinka. Nijar na da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Ka yi rajistar waƙarka can. Duk abin da za ka sa a WhatsApp, TikTok ko YouTube, ka faɗi sunanka da garinku a cikin waƙar kanta, don fayil na yawo ne ba suna, wani ya ɗora hotonsa ya ce tasa ce.

Na shida, kada ka saki gona ko sana'a. Biki da suna sun fi yawa bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu. Da damina kowa na gona, ba mai kiran makaɗi. Waƙa tana daɗewa kafin ta ciyar da mai ita, wani ma har ya tsufa ba ta ciyar da shi ba.

Saura iyaye. Tsoronsu ba na banza ba ne. Suna gudun a ce ɗansu ya koma roƙo, ko ya faɗa shaye-shaye da yawon dare, ko ya yi sakaci da salla. Akwai kuma malaman da ke ganin kiɗa bai dace ba, kuma gidaje da yawa a kan haka suke. Ba mu ce yaro ya bijire ba. Amma ɓoyo ya fi komi ɓarna. Ka samu kawunka ko wani dattijo ya raka ka, ka rera wa babanka abin da ka tsara, ya ji da kunnensa ba zambo ba batsa. In ya ce a'a, ka yi haƙuri ka ci gaba da lallashi. Waƙar da ta raba ka da albarkar iyaye ta yi tsada da yawa.

Ku kuma ƴan uwa na Abijan, Kamaru, Aljeriya da Faransa, kada ku turo jaka hamsin don kawai ƙane ya ce sutudiyo. Ku ce ya turo muku muryarsa tsura tukuna. In kun ji da abu, ku saya masa gurmi ko gita, ku biya waƙa ɗaya, ku gani. Ku yaɗa ta da sunansa cikin ƴan garinku na can, don ku ne masu kewar gida, ku ne kasuwarsa ta farko.

Shi dai yaron mun ce ya dawo ranar kasuwa da babansa, ya rera muna a gaban makirfo ba kiɗa. In ta yi, za ku ji ta. Duk wani matashi na Ƙonni, Malbaza ko Illela mai irin wannan buri, ƙofarmu a buɗe take, da sharaɗi ɗaya: waƙar ta zama taka ce. Allah Ya ba kowa sa'a, Ya ba mu damina mai albarka.