Me ya sa Git ke tuntuɓe in aka ba shi zanen manhaja?

Kafin magini ya aza bulo, sai an zana mishi taswirar gida. Haka masu ƙera manhajar kwamfuta suke yi: suna fara zana tsarin aikin da akwatuna da kibiyoyi. Wannan akwati na ma'aikata ne, wancan na albashi, kibiya kuma ta nuna abin da ya haɗa su. A makarantun ƙasashe masu amfani da Faransanci ana koyar da hanyar Merise, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, da kuma UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997.

Rikici yana farawa ne ranar da mutum biyu suka taɓa zane guda. Wa ya sauya me? In aka yi ɓarna, ta yaya za a koma ga zanen jiya?

Masu rubuta manhaja suna da maganin wannan, wato Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Yana ajiye kowane gyara da sunan mai shi da kwanan wata, kuma yana haɗa aikin mutane da yawa. Sai dai Git layi-layi yake kwatanta rubutu, bai san ma'anar zane ba. Ana yawan ajiye zanen UML cikin fayil irin na XMI, dogon rubutu mai cike da lambobin shaida. A ce wani ya goge akwatin abokin ciniki, abokin aikinsa kuma ya ja sabuwar kibiya zuwa ga akwatin. Tun da ba layi ɗaya suka taɓa ba, Git na iya haɗa gyaran biyu shiru, kibiya ta tsaya tana nuna abin da babu. Sau da yawa ba a ganewa sai aiki ya yi nisa.

Hanya uku ake bi. Ta farko ita ce kullewa: a Enterprise Architect, mutum na iya riƙe wani sashe na zanen, sauran su jira har ya saki. Ta biyu ita ce kwatanta zanen kansa, akwati da akwati, kamar yadda EMF Compare ke yi wa masu aiki da Papyrus. Ta uku ita ce a rubuta zanen da kalmomi, kamar a PlantUML, kwamfuta ta fitar da hoton. A nan Git ya samu layukan da ya iya karantawa.

A wurinmu, inda wuta da intanet suke yawan ɗaukewa, zaɓin na da nauyi. Kullewa tana buƙatar a riƙa tuntuɓar babbar kwamfutar ajiya, shi kuwa Git yana aiki ba tare da intanet ba, a aika gyaran daga baya. Don haka duk ma'aikatar da za ta zaɓi manhajar zane, ta fara gwada wannan: mutum biyu su gyara zane guda lokaci ɗaya, a ga yadda za ta haɗa su.