An ɗaga mota, sitiyari ya ƙi jin magana: ina matsalar take?

A garajojin Damagaram, Tawa da Agadas, ɗaga motar kat-kat ya zama ruwan dare. Mai Hilux ko Land Cruiser da ke bin hanyar Tawa zuwa Arlit, ko yake keta rairayi zuwa Dirku, yana son cikin motarsa ya yi nisa da ƙasa. Sai a sa mata dogayen amortisa da manyan tayoyi, ta ƙara tsayi da kamar santimita 5.  Amma ba a daɗewa motar take fara ja gefe guda, sitiyari ya daina komawa tsakiya bayan an sha kwana, sababbin tayoyi kuma su cinye ta gefe ɗaya.

Dalili shi ne kamfani ya auna zaman ƙafafun gaba daidai da tsayin motar na asali. Da an ɗaga ta, ma'auni uku ke gocewa: yadda tayoyin ke fuskantar gaba, yadda suke tsaye a kan ƙasa, da kuma ɗan jinginar da ƙarfen juya ƙafa yake yi zuwa baya. Wannan na ukun shi ke maido da sitiyari tsakiya. Idan ya ragu, mota sai ta riƙa yawo a kan kwalta, direba na ta kokawa da ita.

Land Cruiser 79 tana da nata ciwon. Ƙafafunta na gaba a kan gatari ɗaya suke, wani sandan ƙarfe mai suna Panhard ke riƙe shi kada ya zame. Ɗagawa na jan gatarin gefe, kuma idan robobin sandan sun ci, faɗawa rami ɗaya ta isa ta tayar da jijjiga mai tsanani wadda ba ta lafawa sai an rage gudu sosai. Ga motar da ke maƙare da fasinja da jarkokin ruwa, wannan maganar rai ce.

Ƙwararren makanike daga mai sauƙi yake farawa. Zai auna iska, sannan ya musanya tayoyin gaba, na dama ya koma hagu. In jan ya sauya gefe, laifin taya ne. In bai sauya ba, sai a ɗaga ƙafar da jak a girgiza ta: motsin sama da ƙasa na nuna rulma ko rotil ɗin ƙafa, motsin dama da hagu kuma rotil ɗin sitiyari. Rawar da ke zuwa a wani gudu kawai, galibi rashin ekilibiraji ne ko laka da ta bushe cikin janti. Sai an canza abin da ya lalace ake kai mota faralelisim, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa sabon amortisan sitiyari don jijjigar ta kwanta. Ɓoye ciwon yake yi, ba ya warkar da shi, rotil kuwa yana ci gaba da ci har ya fita. A birni, a kira makanike ya zo. A tsakiyar Tenere, babu wanda za a kira.