Shin Ko Kun San? Abin da Karatun Kullum Ke Yi wa Ɗalibi

Shin ko kun san cewa a 1988 wasu masana uku a Amurka, Anderson da Wilson da Fielding, sun bi diddigin abin da 'yan aji biyar ke yi da lokacinsu bayan an tashi daga makaranta? Yaron da ke karanta littafi na kusan minti 21 kullum, an ƙiyasta idonsa kan bi ta kan kalmomi miliyan 1.8 a shekara. Na tsaka-tsaki, wanda da kyar yake cika minti biyar, ya tashi da wajen 282,000. Na can ƙasa kuwa 8,000 kacal. Duk sa'o'in juna ne.

Ko kun san a Japan dubban makarantu kan fara yini da minti goma na karatun shiru? A 1988 aka soma abin a wata sakandaren 'yan mata da ke yankin Chiba. Ƙa'idojinsa huɗu ne: kowa ya yi har da malami, a yi kullum, kowa ya ɗauki littafin da ransa ke so, kuma karatun kawai za a yi. A ganina ta farkon ce ginshiƙi. Malamin da ya ce a buɗe littafi shi kuma ya duƙufa kan waya, yara sun riga sun ɗauki darasinsa.

A tsibirin Fiji, farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka cika wasu azuzuwan karkara da littattafan labarai. Cikin wata takwas, ci gaban yaran wajen gane karatu ya kusa ninka wanda aka saba gani.

To amma fa furta kalma daban, gane ta daban. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne wasu daga cikinsu ba a gane su da wuri. Yarinya ta miƙe a gaban aji, yatsa na bin layi, murya tar, ta sauke shafi ba tuntuɓe, a tafa mata. Ka ce ta rufe littafin ta gaya maka dalilin da ya sa mutumin cikin labarin ya bar gida, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Hadda ta yi, ko kuwa Turancin ne ya wuce ta bakinta bai tsaya a kai ba.

Shi ya sa wannan rufe littafin yake da daraja. Roediger da Karpicke sun gwada ɗaliban jami'a a 2006: bayan mako guda, waɗanda suka karanta sau ɗaya sannan suka yi ta ƙoƙarin tuno abin da ka sun riƙe kashi 61, masu maimaita karatun kawai kashi 40. Tun 1984 kuma Palincsar da Brown suka fito da dabaru huɗu da yara kan karɓa bi da bi a ƙaramin rukuni: hasashen abin da zai biyo baya, ƙirƙiro tambaya, warware wurin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Ba sa buƙatar ko alli.

Littafin ma sai ya yi daidai da yaro. Malamai na da wani awo mai sauƙi: ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafin, a ajiye masa littafin sai gaba.

Shin ko kun san ƙarancin abin karantawa ne ya haifar da ƙagaggun labaranmu na boko na farko? A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu daga Zariya, aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Magana Jari Ce, mai kundi uku, domin 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta shi.